AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kayan Da Ka Sayo Ta Waya, Da Takardar Da Ke Manne A Jikinsu

Yau jakarmu ta zo da wasiƙu uku waɗanda duk bakinsu ɗaya, wato maganar kayan da ake sayowa daga ƙasashen waje ta wayar hannu, da kuɗin fiton da Hukumar Kwastan ke karɓa a kansu. Duka ukun sun roƙi a sakaya sunansu, mun kuwa sakaya.

Wasiƙa ta farko daga wani Alhaji ce a garin Shinkafi, manomin rani. Ya ce tsadar fetur ta ishe shi, don haka ya sayar da ɗan maraƙinsa, ya sa ɗansa ya sayo masa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana daga ƙasar Sin, a kan dala 520, kuɗin ɗauko shi kuma dala 80. Mai sayarwa ya ce zai yi musu alheri, zai rubuta a jikin kwalin cewa kyauta ce, darajarta dala 40, don kada a biya ko kwabo. Suka yi murna, suka yi godiya. Yanzu ga kaya sun iso Ikko mako uku ke nan, kamfanin da ya ɗauko su ya ce Kwastan sun riƙe, suna neman shaidar ainihin kuɗin da aka biya. Alhaji yana tambaya, shin ba shi ya ji da kunnensa an ce Gwamnati ta yafe kuɗin fito a kan kayan intanet ba? To wannan riƙewa ba zalunci ba ce? Ga shi lokacin dashen albasa yana wucewa.

To Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabinsa ka ji. Bari in faro maka daga tushe.

Kalmar nan fito ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Asalinta ƙetarar da mutum kogi ne. Ka iso bakin ruwa da jakinka da kayanka, mai jirgi ya fitar da kai wancan ƙetare, ka biya shi kuɗin fito. Iyakar ƙasa ita ma kogi ce, ko da babu ruwa a cikinta. Mutanen Shinkafi da Zurmi ba sai an koya musu wannan ba, tun kaka da kakanni suna hulɗa da Maraɗi, kuma kowa ya tuna yadda kasuwa ta kwanta da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Abin da ya sake yanzu shi ne, ba kai ke tafiya da kayan ba. Kana zaune a zaurenka, kayan su yi tafiya su kaɗai. Tun da ba ka nan balle ma'aikaci ya tambaye ka me ka ɗauko, sai aka sa takarda ta yi magana a madadinka. Ita ce ɗan farin bayanin nan da ake mannawa a jikin ƙunshi. In ta gidan waya aka aiko, za ka ga an rubuta CN22 a kan ƙaramin ƙunshi, ko CN23 a kan babba ko mai tsada, kuma tsari ne na Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, ko'ina haka yake. In kamfanin kai saƙo ne ya ɗauko, takardar ciniki ce ke rakiyar kayan. Abu huɗu take faɗa: mene ne a ciki, guda nawa ne, nawa nauyinsa, nawa aka saye shi.

Ka lura da kyau a nan, Alhaji. Ɗan Sin ne ya rubuta takardar, amma a idon doka bakinka ne. Kai ne mai shigo da kaya, sunanka ne a jiki. Shi yana can birnin Gwanzu ko wani gari, ya karɓi kuɗinsa ya rufe littafi, ba wanda zai je ya kamo shi. Wannan alherin da ya ce ya yi maka bai rage shi da komai ba, kai ya bari da jidali.

Yanzu ga maganar yafewar. A farkon watan Satumba na 2025, majalisar gudanarwa ta Hukumar Kwastan, a ƙarƙashin Ministan Kuɗi Wale Edun, ta amince cewa ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dalar Amurka 300 ba za su shigo ba tare da biyan kuɗin fito ba, aka kuma fara aiki da wannan ran 8 ga watan. Ya shafi kayan da aka sayo ta intanet, da waɗanda aka aiko ta kamfanonin kai saƙo, da kayan da matafiyi ya riƙo. Amma da sharuɗɗa. Sau huɗu ne kawai a shekara ga mutum ɗaya, kuma kada kayan su kasance cikin waɗanda aka haramta ko aka taƙaita shigowa da su. A cikin sanarwar nan kuma hukumar ta ja kunne cewa duk wanda ya yi wasa da takardar ciniki don ya kauce wa biya, ana iya ƙwace kayan, ana kuma iya kama shi, bisa dokar Hukumar Kwastan ta 2023. Injinka dala 520 ne, ya haye 300 nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan yafewar ba ta hau kansa ba tun farko.

Kuma kada a ɗauka ma'aikacin da ke duba kayan nan bai san kasuwa ba. Wayar da ɗanka ya duba farashi da ita, irinta ce a aljihunsa. Kwali mai nauyin buhun gero, a buɗe a ga inji sabo fil da farantan sola, a ce wai kyauta ce ta dala 40? Ko yaron da ke ajin farko ba zai yarda ba. Af, na tuna, ita ma kalmar kyauta da mutane ke dogara da ita, ba ta wanke kaya. Kwastan daraja suke dubawa, ba zumunci ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a cikin wasiƙar nan shi ne, da an faɗi gaskiya, abin da za a biya ba zai kai yadda ake tsoro ba. Ɗauko alli mu yi lissafi, tsohon aikin koyarwa ya motsa. Tun 2015 Nijeriya ke bin jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda ya kasa kaya aji biyar. Akwai waɗanda ba a biyan komai a kansu, akwai na kashi 5 cikin 100, da na kashi 10, da na kashi 20, da na kashi 35. Injuna da kayan aiki da ɗanyen kaya galibi suna ajin kashi 5. Kayan da aka gama sarrafawa don a sa ko a yi ado, irin su takalma da jakunkuna, su ke ajin kashi 20. Na kashi 35 kuwa an ware shi ne don kare abin da ake iya yi a gida. Sa'an nan ba a kan kuɗin saye kaɗai ake lissafi ba, ana haɗawa da kuɗin ɗauko da na inshora. Naka 520 da 80, ya zama dala 600. Mu ƙaddara an sa injin a ajin kashi 5, fitonsa dala 30 ke nan. A ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun watan Fabrairu na 2020, a kan 630, ya ba da dala 47 da 'yan kai. Jimla wajen dala 77. Don sauƙin lissafi mu ce dala naira 1,500 ce, ka ga abin bai kai naira 120,000 ba, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe da ake ɗorawa da ladan wakilin da ya yi zirga-zirgar takardu. Da takalma ne na dala 600, fito 120, VAT 54, jimla dala 174, wato naira 261,000. Ka ga bambancin aji. Shi ya sa yake da kyau a rubuta sunan kaya dalla-dalla, inji daban, farantin sola daban, batir daban, domin kowanne da lambarsa a littafin Kwastan. In aka rubuta "kayan lantarki" kurum, an ba ma'aikaci dama ya zaɓa maka ajin da ya ga dama.

Wani abin kuma, da dala ake ƙiyasta kaya, amma da naira ake biya, bisa canjin ranar da aka yi lissafi. Kafin watan Yuni na 2023 canjin Gwamnati bai kai naira 500 ba, a cikin 2024 kuwa ya haye 1,500. Da yawa daga masu kukan an ƙara kuɗin fito, ba ajin kayansu aka sake ba, naira ce ta faɗi.

To yanzu mece ce mafita? Kada ka ɗaura niyyar Ikko, Alhaji. Kowa ya san halin da hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura take ciki, ba a hawanta sai dole, kuma wannan aiki ana gama shi ta waya. Ɗanka ya ɗauki hoton shafin da ya yi cinikin, inda sunan kaya da farashi suka fito. Ya je banki ya karɓo takardar da ke nuna ranar da kuɗin suka fita da adadinsu. Ya matsa wa mai sayarwa ya aiko da takardar ciniki ta gaskiya. Ya tura duka ukun ga kamfanin da ya ɗauko kayan, tare da lambar bin sawun ƙunshin, ya ce a gyara bayani. Sa'an nan ya nemi a turo masa takardar ƙiyasi ta Kwastan, wadda ke nuna ajin da aka sa kayan da abin da aka lissafa. Ba mamaki a ɗora tara saboda ƙaryar farko, wannan sai haƙuri. Amma a hanzarta, domin kayan da ke zaune a sito kullum kuɗin ajiya suke ci, kuma in aka bar su suka daɗe ba mai su, doka ta ba hukuma ikon yin gwanjonsu. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, a adana shi tare da takardun gona, saboda akwai shingaye tsakanin Ikko da Gusau, kuma rasit ne ke amsa tambaya a kowane shinge.

Na san akwai masu cewa ai kuɗin fito ba halas ba ne tun asali, don haka ɓoye wa Kwastan ba laifi. Wannan muhawara ta malamai ce, ni ba zan sa baki ba. Abin da na sani shi ne maraƙi ya riga ya tafi, inji yana Ikko, albasa kuma ba ta jiran fatawa.

Wasiƙa ta biyu daga wata Malama ce a Ƙaura Namoda, wadda ke sana'ar cikin gida, tana sayar da mayafai da jakunkuna da 'yan kunne. Ta ce tana sayowa kaɗan-kaɗan daga AliExpress da Temu, kusan kowane wata, kuma ba a taɓa tambayarta komai ba, amma maƙwabciyarta ta tsorata ta cewa wata rana za a zo har gida.

Malama, kwantar da hankalinki, ba wanda zai zo gida don mayafi. Amma ki riƙe lissafin nan na sau huɗu a shekara. Mai sayen kayan dala 20 yau, dala 35 jibi, tana ɓarnatar da damarta ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Gara ki tara buƙatunki, ki yi oda mai kauri wadda ba ta haye dala 300 ba, kamar gabanin ƙaramar salla, da gabanin babbar salla, da lokacin kaka da bukukuwa ke yawa. Abin da ya wuce haka ki sa kuɗin fito a cikin farashin da za ki sayar tun kafin kaya su iso, kada riba ta zama ta Kwastan. Rashin tambaya a baya ba alkawari ba ne. Kuma ki sa sunanki yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambar wayar da ke shiga, domin mu nan mun san yadda sabis ke yi mana, mun kuma ga yadda aka katse shi gaba ɗaya a Zamfara a watan Satumba na 2021. In akwai ɗan'uwa amintacce a Gusau, ƙara lambarsa ba laifi.

Kin kuma yi tambaya game da masu kago, wato waɗanda ke tara kayan mutane da yawa a ƙasar Sin su auna a kilo, su ce kuɗin ya haɗa har da Kwastan, ki karɓa a Kano. Hanya ce da 'yan Kantin Kwari da masu sayar da waya suka daɗe suna bi, kuma akwai masu amana a cikinsu. Illarta ɗaya ce, kayanki da na wasu a buhu ɗaya suke, takarda ɗaya ta rufe su. In wani ya cusa abin da aka hana, duk kayan ake tsarewa, naki da nasa. Saboda haka ki nemi wanda ke da ofis da za a iya zuwa a same shi, wanda wani da kika sani ya taɓa gwadawa, ki karɓi rasit mai nuna nauyi da irin kaya, ki kuma fara da kaɗan.

Tun da maganar abin da aka hana ta taso, bari in tsaya a kanta, domin a nan ne ƙaramin ciniki ke zama babbar magana. Yafewar dala 300 ba ta halatta haram. Tufafin gwanjo suna cikin jerin abin da aka hana shigowa da su, ko da kuwa kasuwanninmu cike suke da su. Magani da man shafawa da maganin ƙwari, hurumin Hukumar NAFDAC ne. Ku manoma, irin shuka da kuke gani a waya, tumatir kamar kan jariri, kankana kamar tulu, shigo da iri yana buƙatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, kuma dalilin a fili yake, ƙwayar cuta ɗaya a cikin ƙullin iri tana iya cinye fadama guda. Ban da haka ma, irin da aka yi don ƙasar sanyi ba lalle ya yi a bakin Gagare ba. Sai kuma abin da ya fi duka haɗari a yankinmu: ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto, da wayar oba-oba, da tabarau mai gani da dare, da rigar sulke, da yadi mai kalar kakin soja. Waɗannan sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Na san wasu da kyakkyawar niyya suke nema, don tsaron ƙauye ko ɗaukar hoton biki. Amma ka tuna jihar da a watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyarta. Ƙunshi ya iso da irin waɗannan kaya, a duba adireshi a ga Shinkafi ko Zurmi, wallahi ba kuɗin fito za a tambaye ka ba.

Wasiƙa ta uku ta wani saurayi ce daga Zurmi. Ya ce wata Baturiya da suka saba a Facebook ta aiko masa da kwamfuta da waya da agogo, har da kuɗi a cikin ambulan. Sai ga wani ya bugo masa waya ya ce shi jami'in Kwastan ne a filin jirgin sama, a tura naira 85,000 cikin wani asusu kafin gobe, in ba haka ba a ƙwace. Ya tura 40,000 da ya ranto, yana tambaya ko mu roƙa masa a yi masa rangwamen sauran.

Ƙanena, babu ƙunshi, babu Baturiya, babu jami'i. Mutum ɗaya ne, ko gungu ɗaya, kuma wataƙila ko ƙasar nan bai taɓa bari ba. Kada ka ƙara ko sisi. In ka cika 85,000 gobe za a ce an ga kuɗin waje a ciki, sai ka biya na takardar wanke kai, jibi a ce na sufuri. Ka je bankinka yau da shaidar turawar ka kai ƙara, ka kuma sanar da 'yan sanda. Ban yi maka alkawarin kuɗin za su dawo ba, amma saurin kai ƙara shi ne kaɗai abin da ke sa a rufe asusun. Kai da duk mai saurare, ku riƙe wannan: kuɗin fito ba a biyansa cikin asusun wani mutum mai suna da sunan uba. Ana biya ne ta bankunan da aka amince da su bisa takardar ƙiyasi, ko ta hannun kamfanin da ya ɗauko kayan, shi kuma ya ba ka rasit. Ƙunshi na gaske yana da lambar bin sawu wadda kai da kanka za ka duba a shafin gidan waya ko na kamfanin, ba a shafin da mai bugo waya ya turo maka ba. Haka nan masu tallar gwanjon Kwastan a Facebook da WhatsApp, mota a kuɗin babur, buhun shinkafa a kuɗin tiya, har da hoton babban jami'i a sama, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Kafin lokaci ya cim mana, wani ɗan ƙarin bayani ga masu 'yan'uwa a waje. Yayin da mu muka sassauta, Amurka matsewa ta yi. Da can kayan da ba su wuce dala 800 ba suna shiga ƙasar ba fito, amma ta soke wannan ga kayan Sin a watan Mayu na 2025, ta kuma soke ga duk duniya ran 29 ga Agusta na shekarar. A lokacin Hukumar Gidan Waya ta Nijeriya ta ba da sanarwar cewa mai aika ƙunshi can zai biya dala 80 tun daga nan, ban da wasiƙa da takardu. Don haka mai niyyar aika wa ɗansa ɗalibi hula ko yadi, ya fara tambaya a gidan waya kafin ya ɗinke ƙunshin.

Alhaji na Shinkafi, in inji ya iso ka rubuto mana nawa aka caje ka da kuma ajin da aka sa shi, domin akwai manoma biyu daga Moriki da suka aiko da irin tambayarka, mu karanta musu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki wasiƙun da suka taru a kan takin zamani.